Ƙari a jijiyar fuska: me ya sa likita ya ce a dakata da tiyata?

Tambaya: Likita, maigidana ne bakinsa ya fara karkacewa a hankali, yau wata 8 ke nan. Da farko an ce shanyewar fuska ce irin wadda ke warkewa da kanta, aka ba shi ƙwayoyi, ya ɗan samu sauƙi, abin ya sake dawowa. Yanzu kunnensa na dama ma ya rage ji. Da aka yi masa hoton kai sai aka ce akwai ƙari a jijiyar fuska, amma likitan ya ce ba zai yi tiyata yanzu ba, mu dawo bayan wata 6 a sake hoto. Hankalina bai kwanta ba. Ta yaya za a ga ƙari a kan mutum kuma a ce a bar shi?

Amsa: Malama, Allah Ya ba maigida lafiya, ke kuma Ya ba ki ladan jinya. Hukuncin ƙarshe na likitan da ya duba shi ya ga hotonsa ne, amma bisa yadda kika kwatanta, shawarar da ya yanke ita ce wadda mafi yawan likitocin da ke aikin kunne da gindin ƙoƙon kai za su yanke a yau. Ƙarin da ya tsiro daga jikin jijiyar fuska galibi ba ya fita sai ya tafi da jijiyar. Mutumin da aka kwantar yana da sauran murmushinsa zai farka daga tiyata rabin fuskarsa ba ya motsi ko kaɗan, kuma komai ƙwarewar wanda ya yi aikin, abin da zai dawo daga baya ba zai kai na asali ba. Shi ya sa a wannan ciwo yanayin fuskar ake dubawa kafin a ɗauki wuƙa, ba ganin ƙari a hoto kawai ba.

Jijiyoyi 12 ne ke fitowa daga ƙwaƙwalwa ta kowane ɓangare, jijiyar fuska ita ce ta 7. Daga tushen ƙwaƙwalwa take tashi, ta shiga wata 'yar kafa tare da jijiyar ji, sannan ta nutse cikin ƙashin da ke ɗauke da kunne. A cikin ƙashin nan tana bin wani lungu mai tsawon kusan santimita 3, mai kwana biyu, kuma a wuri mafi matsi faɗinsa bai kai milimita 1 ba. Ta ratsa bayan dodon kunne, ta gangara ta ƙashin bayan kunne, ta fito a ƙarƙashinsa, ta shige cikin farotid, wato naman nan mai samar da yawu da ke gaban kunne, wanda ke kumbura idan yaro na hangum. A cikinsa ne take rabuwa gida 5 zuwa goshi, ido, kumatu, leɓe da wuya. Ba motsin fuska kaɗai ke hannunta ba. Hawaye, ɗanɗanon gaban harshe, wani kaso na yawu, da wata 'yar tsoka a cikin kunne mai rage ƙarfin ƙara, duk ita ce. Saboda haka inda ƙarin ya zauna shi ke faɗin alamar da za a gani: na wajen kwanar farko kan busar da ido, na bayan dodon kunne kan tokare ƙananan ƙasusuwan ji sai ji ya ragu, na cikin farotid kuwa kumburi ake ji a gaban kunne. Raguwar jin maigida ta dace da wannan.

Kada ki riƙe likitan farko a zuciya don ya ce shanyewar Bel ce, wato irin wadda ke warkewa da kanta. Ita ce ta fi kowane dalili yawa a masu karkacewar fuska, kuma sunan likitan Sikotilan ne, Cals Bel, wanda ya yi bayanin aikin wannan jijiya a 1821. Ƙari kuwa kusan 5 ne kawai cikin 100 na masu shanyewar fuska. Sai dai Bel tana da ɗabi'arta da ba ta cika saɓawa ba. Farat ɗaya take zuwa, cikin awa 72 ta gama yin abin da za ta yi, yawancin mutane su fara ganin sauƙi cikin mako 3, kuma kusan 70 cikin 100 su warke sarai ko da ba su sha magani ba. Duk shanyewar da ke ƙaruwa sannu a hankali har ta haura mako 3, ko wata 3 zuwa 4 suka shige babu alamar dawowa, ko ta warke ta sake dawowa a ɓangare guda, ba a ƙara kiranta Bel sai an yi hoto. Haka idan fatar ido ko kumatu na rawa kafin raunin ya bayyana, ko ji ya ragu, ko akwai kumburi a gaban kunne, ko reshe ɗaya ne tal ya mutu sauran na aiki. Abin da ke yaudarar likitoci shi ne maganin rage kumburi da ake bayarwa, irin su firedinisolon: yana iya sassauta matsin da ƙari ya yi wa jijiya na ɗan lokaci, sai a ɗauka an dace. A ganina kuskuren da ya fi yawa ba a ganin farko yake ba, a na biyu da na uku yake, inda ake ta maimaita ƙwayoyin nan alhali ciwon ya riga ya nuna ba Bel ba ne.

Tambayar da za ki fara yi wa likitansa ita ce wane irin ƙari ne, domin duk maganar jira ta rataya a kan amsarta.

Wanda ya fi yawa cikin masu tsirowa daga jijiyar shi ne shuwanoma. Daga rigar da ke lulluɓe da jijiya yake tasowa, ƙwayoyin halittar da suka samo suna daga masanin Jamus Tiyodo Shuwan. Ba kansa ba ne, wato ciwon daji, ba ya yaɗuwa zuwa wasu sassan jiki, kuma girmansa a hankali ne ƙwarai, sau da yawa milimita 1 zuwa 2 a shekara, wani ma ya tsaya cak shekaru. Matsalarsa yadda yake zama: kamar a cusa ƙwallo a tsakiyar tufkakkiyar igiya, zaruruwan su baje a jikinsa ta ko'ina. Ka taɓa ƙwallon, ka taɓa zaren. Kuma da yake a hankali yake miƙa jijiyar, tana iya rasa zaruruwa masu yawa fuska ba ta nuna ba, har akan samu wanda raguwar ji ce kaɗai ta kai shi asibiti.

Na biyu wani curin jijiyoyin jini ne da aka saba kira hemanjiyoma, wanda ya fi son kwanar farko ta cikin ƙashi. Ƙarami ne amma da fitina, yakan raunana fuska tun bai kai girman da za a yi zato ba. Idan an kama shi da wuri, wani lokacin ana iya ɓamɓare shi a bar jijiyar, don haka lissafinsa ya ɗan bambanta da na shuwanoma.

Na uku shi ne wanda ba a jira da shi ko kaɗan: kansar da ta taso a wani wuri ta bi jijiyar. Kansar farotid kan yi haka, kansar fatar fuska ko ta kunne ma kan yi, wani lokaci shekaru bayan an cire wani ɗan gyambo mai shi har ya manta. Alamarta ciwo mai naci, dindiris a fatar fuska, kumburi mai tauri, da raunin da ke tsallakawa daga reshe zuwa reshe. A nan tiyata ake yi a cire har da sashen jijiyar da ya kamu, a bi da gashi, wato a gasa wurin da haske mai ƙarfi na asibiti. Likitan da ya ce ku dawo bayan wata 6 yana nufin hoton ya gamsar da shi cewa ba wannan ba ne, amma ki tambaye shi ya faɗa miki da bakinsa. Idan maigida ya taɓa cire wani abu a fuska, kai ko wuya, a tuna masa ko bai tambaya ba.

Binciken kan fara ne tun a kan kujera. Ana cewa mutum ya ɗaga gira, ya runtse ido da ƙarfi, ya yamutsa hanci, ya washe haƙora, ya cika baki da iska. Goshi ake fara kallo: mai shanyewar ɓarin jiki galibi goshinsa na yamutsewa ta ɓangarori biyu, wanda jijiyar fuskarsa ta samu matsala kuwa layukan goshin sun shafe a ɓangaren ciwon. Sai a leƙa kunne, a lallatsa gaban kunne da wuya, a yi gwajin ji. Daga nan hoton maganaɗisu da ake kira MRI, tare da allurar gadoliniyam mai haska ƙari. Wani abu da nake yawan nanatawa: hoton ya bi jijiyar tun daga tushen ƙwaƙwalwa har cikin farotid, da siraran yanka. Hoton ƙwaƙwalwa na yau da kullum yakan tsallake ƙaramin ƙari, a rubuta cewa lafiya lau, alhali abin na nan santimita kaɗan ƙasa da inda aka tsaya. Hoton siti-sikan na ƙashin kunne shi ke nuna yadda lungun ya buɗe. Shuwanoma kan faɗaɗa shi sumul, hemanjiyoma kan bar ƙashin da 'yan ramuka bututu. Akwai kuma gwajin lantarki na jijiya da tsoka, mai nuna ko tsokar na samun saƙo har yanzu.

Za ki iya cewa me ya hana a ɗebi ɗan nama a auna. A ƙarin da ke cikin ƙashin kunne ba a cika yi ba, domin tsinken da za a gutsura jijiya ce. An sha samun wanda aka ga wani tudu a bayan dodon kunnensa, aka gutsura don a gane ko mene ne, ya tashi fuska a shanye. Na gaban kunne ne ake iya tsikara da siririyar allura, shi ma da lura.

Ma'aunin da likitoci ke magana da shi na Hawus da Birakman ne, likitocin kunne biyu na Los Anjelas a Amurka, da suka wallafa a 1985. Mataki 6 ne. Na 1 lafiyayyar fuska, na 6 babu motsi sam. A na 2 sai an ƙura ido ake gane rauni. A na 3 kowa zai gani idan mutum ya yi magana ko dariya, amma ido na rufuwa ruf idan ya yi ƙoƙari. Daga na 4 ido ya daina rufuwa gaba ɗaya, goshi ya daina motsi. To, idan aka yanke jijiyar aka yi dashen wata, mafi kyawun sakamakon da ake sa rai shi ne mataki na 3, kuma ba kowa ke kaiwa can ba. Goshi da wuya ya dawo. Sannan zaruruwan da suka sake tsirowa sukan ɓata hanya, sai mutum ya yi murmushi ido ya tsuke, ko ya rufe ido gefen baki ya ɗaga, wani ma yana cin abinci hawaye na zuba. Yanzu ki auna da kanki. Mutumin da ke mataki na 2, a yanke masa jijiya, ya shafe watanni a na 6, don a ƙarshe in an yi sa'a ya tsaya a na 3: garin neman gira ke nan a rasa ido. Can baya an fi saurin cirewa da zarar an gano, amma da aka tara sakamakon shekaru sai aka ga waɗanda aka bari ana sa musu ido da yawansu sun ci gaba da amfani da fuskarsu tsawon lokaci.

Jiran da ake nufi jira ne mai aiki. Ana maimaita hoto, da farko bayan wata 6, idan abin bai motsa ba a koma shekara-shekara, ana kuma maimaita gwajin ji. Ku ma akwai abin da za ku yi a gida wanda ya fi ƙwaƙwalwar kowa riƙo: duk wata ki ɗauke shi bidiyo da waya a wuri guda, da haske iri guda, yana yin motsin nan da na ambata. Ke da kike ganinsa kullum ba za ki lura da canjin da ke zuwa kaɗan-kaɗan ba, amma bidiyon watan jiya da na wata biyar baya ba sa ɓoye komai.

Tsakanin jira da cirewa akwai hanyoyi biyu. Ɗaya ita ce a buɗe ƙashin da ya matse jijiyar a bar ƙarin a wurinsa, don ya samu inda zai faɗaɗa ba tare da ya shaƙe ta ba. Ɗayar ita ce gashi na musamman, inda ake tattara haske mai ƙarfi daga kusurwoyi da yawa a kan ƙarin kaɗai. Fitacciyar na'urarsa ita ce Gamma Knife, wadda likitan ƙwaƙwalwa ɗan Suwidin Las Leksel ya ƙirƙiro a ƙarshen shekarun 1960, kuma duk da sunan babu yanka a ciki. Gashin ba ya ɓatar da ƙari, hana shi girma yake yi, kuma ya fi dacewa da wanda bai wuce kimanin santimita 3 ba. Yawanci fuska na tsayawa yadda take, ko da yake akwai waɗanda raunin ke ƙaruwa ko jinsu ya ragu. Ana kawo maganarsa idan hotuna sun nuna ƙarin na girma alhali fuskar da sauranta. Ga matashi akan yi dogon nazari, domin shekarun da zai rayu da abin da aka gasa suna da yawa, kuma tiyata bayan gashi ta fi wuya.

Cirewa gaba ɗaya na zama dole idan fuska ta faɗa mataki na 4 ko fiye ta zauna a can, ko ƙarin ya girma har yana danne tushen ƙwaƙwalwa, ko ya ci ƙashi ya shiga kunnen ciki yana haddasa jiri mai tsanani, ko ana shakkar kansa ce. Hanyar shiga ta danganta da inda yake da kuma sauran jin da ya rage. Ana bi ta ƙashin bayan kunne, ko ta saman kunne idan ana son a tsira da ji, ko a ratsa kunnen ciki kai tsaye, wanda ke kashe jin wannan ɓangaren har abada, don haka an fi yinsa ga wanda jin ya riga ya tafi. A zaman tiyatar ake cike gurbin da wata jijiya, ko dai wadda ke hawa gefen wuya zuwa kunne, ko wata doguwa daga bayan idon sawu. Abin da ake rasawa a can ɗan dindiris ne a leɓatun kunne ko gefen ƙafa. Jijiya na tsirowa kusan milimita 1 a rana, don haka akan yi wata 6 ko fiye kafin gefen baki ya fara motsi, kuma ci gaban na iya kaiwa shekara ɗaya da rabi. Idan babu kututturen jijiya ta ɓangaren ƙwaƙwalwa da za a ɗinka a kai, sai a aro daga maƙwabta: jijiyar tauna ko wani sashe na jijiyar harshe. Mai jijiyar tauna da cije haƙora yake fara koyon murmushi, da atisaye ya saba.

Ga inda jira ke da iyaka, kuma nan nake so ki fi riƙewa. Tsokar fuska idan ta daina samun saƙo kwata-kwata takan fara shanyewa, kuma bayan kamar wata 12 zuwa 18, iyaka shekara 2, ko an kawo mata sabuwar jijiya ba ta amsawa. Daga nan sai dai a ɗauko tsoka daga cinya a dasa a fuska, ko a karkato tsokar tauna ta gefen kai, aikin da ya fi girma nesa ba kusa ba. Muddin akwai sauran motsi, tsokar na raye, wannan lissafi bai fara ba. Ranar da motsi ya ɗauke gaba ɗaya ya fara. Na fi jin takaicin wanda aka ce masa ya jira, ya ɗauka an sallame shi ke nan, ya dawo bayan shekara uku fuska ta mutu murus, fiye da wanda ya matsa a yi masa tiyata da wuri.

Ido kuwa ba ya cikin abin da ake jira da shi. Idon da ba ya rufuwa, ga ƙarancin hawaye, samansa na bushewa, ya yi gyambo, har gani ya tafi. Ki duba shi yana barci: idan kin hango farin ido ta tsakanin fatun, to ba ya rufuwa ko da da rana yana ganin kamar yana yi. Hawayen roba na ɗigawa sau da yawa da rana, man ido mai kauri da dare, sannan a ja fatar sama a manne ta da filasta mai laushi. Kada a ɗora auduga a kan buɗaɗɗen ido, gogar sa za ta yi. Tabarau na kare shi daga iska da ƙura. Kada zubar hawaye ta ruɗe ku, busasshen ido ma na zubar da ruwa idan fatar ƙasa ta saki. Idan abin ya daɗe akwai ƙaramar tiyata da ake saka ɗan siririn zinare ko filatinam a cikin fatar ido ta sama, nauyinsa ya riƙa taimaka mata ta sauka, kuma ana iya cire shi in jijiya ta farfaɗo. Tsukewar ido da ɗaurewar kumatu kuma ana sassauta su da allurar Botox duk bayan 'yan watanni, tare da atisayen fuska a gaban madubi wajen wanda ya ƙware a kai.

Idan maigida matashi ne, ko akwai wani a danginsa da ya kurumce ta kunne biyu saboda ƙari, a gaya wa likita, domin akwai ciwon gado da ke sa irin waɗannan ƙari su fito a jijiyoyi da yawa. Ban da wannan, shuwanoma guda ɗaya ba abin da 'ya'ya ke gada ba ne, ba kuma wani abu da ya ci ko ya yi ne ya jawo shi ba.

Kada ku jira wata 6 su cika idan fuskar ta faɗi farat ɗaya, ko ido ya daina rufuwa, ko ya yi ja yana zafi ko gani ya dushe. Haka idan ji ya ɗauke kwatsam, ko jiri ya hana shi tafiya daidai, ko ciwon kai mai tsanani da amai, ko sabon ciwo da dindiris a fuska. Ranar komawa ku tafi da faifan hoton farko kansa, ba takardar sakamako kaɗai ba, domin sai an jera tsohon da sabon an auna da milimita ake sanin ko ƙarin ya motsa. Ki kuma roƙi likitan ya rubuta muku matakin da fuskar take a yau, da matakin da idan ta kai zai sauya shawara.